Sawaba, Santsi da Taɓo: Masu Neman 'Yancin Magana, In Sun Samu Suna Bayarwa?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin matasa a dandalin nan. Wani ya ce gurguzu ne kaɗai zai fitar da talaka daga ƙangi. Wani ya yi caraf ya ce ai duk ƙasar da 'yan gurguzu suka karɓi mulki, bakin mutane suke fara ɗinkewa. Sai a kawo Rasha, a kawo Sin, a kawo Kyuba, a yi ta jifan juna da sunayen mutanen da ba su taɓa jin sunan Kano ba. To ni yau gida zan tsaya. Mu ma mun yi namu 'yan ra'ayin sauyin, sun sha ɗauri a kan magana, daga baya kuma sun ɗanɗana mulki. Tarihin yana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, tafiyar da ba ta kai ka hau adaidaita ba.

Mu fara da wurin kansa, don wurin yana da hannu a labarin. Cikin ganuwa, birni na Sarki ne: mai unguwa ya san wanda ya kwana a zaurenka, dogari ya san wanda ya yi baƙo. Fagge kuwa tana wajen ganuwa, asalinta zangon fatake ne, wurin saukar baƙi da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Sabon Gari kuma Turawa ne suka yanka ta bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A nan ake samun injin buga jarida, da otal mai ɗakin taro, da akawun da ya karanta labarin Indiya da Gandhi. Maganar da ba ta faɗuwa a Ƙofar Kudu, tana iya faɗuwa a teburin mai shayi a Fagge. Jaridar Comet ta su Zik ma da ta dawo Kano, tana da ɓangaren Hausa, kuma Magaji Ɗambatta ya yi aiki a can yana saurayi.

Kafin NEPU an yi wata ƙungiya mai suna NEPA a 1946, wadda Raji Abdallah yake cikin jagororinta. Ba ta yi tsawon rai ba. Ma'aikatan gwamnati ne da na En'e a ciki, sai kawai aka bi su da canjin wurin aiki da kora, ƙungiya ta watse. Shi Raji Abdallah daga baya Turawa suka ɗaure shi a kan laifin tunzura jama'a, wato a kan magana dai.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka zauna suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. Mutum takwas, ran takwas ga watan takwas. A cikinsu akwai Abba Maikwaru, mutumin Fagge, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta. Ku lura, Malam Aminu Kano ba ya cikin zaman nan. Yana koyarwa a Maru a lokacin. Daga baya ya ajiye aiki ya dawo, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Ina faɗar haka ne saboda mun saba naɗe tarihin gaba ɗaya mu ɗora wa mutum guda, mu manta da teloli da 'yan tireda da mahauta da almajiran da suka sha bulalar.

Takardar manufofinsu, wadda ake kira Sanarwar Sawaba, ba ta yi ɓoye-ɓoye ba. Ta raba al'ummar Arewa gida biyu, masu riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a gefe guda, ta ce buƙatunsu kishiyoyin juna ne, kuma talaka ne da kansa zai ƙwaci kansa. Duk wanda ya leƙa littattafan gurguzu zai ji ƙamshinsu a nan. Amma kada mu yi zuƙu: yawancin 'yan NEPU ba Karl Marx suka karanta ba. Hujjarsu daga Alƙur'ani take, da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu a kan zalunci da haƙƙin talakawa a wuyan shugaba. Gurguzun nasu da rawani yake yawo.

To me suka tarar? Ka tuna a lokacin 'yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne, kuma izinin yin lacca ma wurin En'e za ka nema. Wato wanda kake so ka soka shi zai ba ka izinin taro, shi zai aiko a kama ka, shi zai yi maka shari'a, shi zai ajiye ka. Ambaton sunan Sarki a lacca yana iya zama zagi. Kiran "Sawaba!" a inda bai yi wa hakimi daɗi ba yana iya zama tayar da hankali. A ƙauye abin ya fi muni: a ninka maka haraji, a ƙwace gona, a sa iyayen matarka su raba aure. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, da aka turo ta Kano ta haɗa kan mata, ɗauri ta sha, aka kuma kore ta daga garin. Masu tarihinta suna lissafa ɗauri 16 a rayuwarta. Abin da take nema kuwa, har da mace ta jefa ƙuri'a, bai samu ba a Arewa sai a shekarun 1970.

Zaɓen 1951 shi ya koya musu darasi mafi ɗaci. Zaɓe ne hawa-hawa: talakawa su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, har a kai matakin ƙarshe. A matakan farko a Kano NEPU ta yi abin mamaki. Amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, kashi goma cikin ɗari. Da aka gama tankaɗe da rairaya, ko mutum ɗaya na NEPU bai shiga majalisar Kaduna ba.

Akwai kuma abin da ya faru a Mayun 1953, wanda bai kamata ɗan Fagge ko ɗan Sabon Gari ya manta ba. Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Legas, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a titi. Sai jam'iyyar AG ta turo tawaga ƙarƙashin S. L. Akintola ta zo Kano ta yi bayani. An shirya taro a Sabon Gari ranar 16 ga Mayu, hukuma ta janye izini, amma gari ya riga ya ɗau zafi. Kwana huɗu ana faɗa, Fagge ta zama iyakar fagen daga. Ƙididdigar gwamnati ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Laccar da ba a ma yi ba ke nan. A shekarar ne kuma 'yan banga da ake kira 'Yan Mahaukata suka addabi 'yan NEPU a Kano, ita ma NEPU ta kafa nata matasan masu mayar da martani. Wannan sai mu faɗa: al'adar 'yan daba a siyasar Kano ba da NEPU ta fara ba, amma ita ma ba ta fita da hannu fari tas ba.

Abin da ya fi burge ni a zamanin nan shi ne yadda suke gardama a junansu. Malam Sa'adu Zungur, wanda Malam Aminu kansa yake ɗauka a matsayin malaminsa a siyasa, ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", yana jan kunnen sarakuna su gyara kafin guguwa ta tafi da su. Mudi Sipikin, ƙaramin yaro a kansa, ya mayar masa da amsa da tasa waƙar, "Arewa Jumhuriya Kawai". A bainar jama'a, a rubuce, a kan babbar magana: a bar sarauta ko a kawar da ita. Ba wanda ya kori wani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: NEPU ba ta taɓa mulki ba. A 1959 ta ci kujeru takwas a majalisar tarayya, Malam ya shiga daga Kano ta Gabas, a 1966 soja suka rushe jam'iyyu duka. Wanda ake duka, dole ya so a hana duka. Jarrabawar tana zuwa ne ran da sandar ta dawo hannunka.

A nan ne tarihin waje yake da amfani, don sauran sun riga mu zama wannan jarrabawa. A Rasha, 'yan Bolshebik sun sha ɗauri da kora a hannun Sarkin Rasha saboda jaridu da ƙasidu. Suka karɓi mulki a 1917, cikin 'yan kwanaki suka fitar da dokar rufe jaridun adawa, suka ce na ɗan lokaci ne. Rosa Luxemburg, 'yar gurguzu ce ta gaske, tana kurkuku a Jamus a 1918 ta rubuta musu gargaɗi cewa in aka ware 'yanci ga magoya bayan gwamnati kaɗai, to a hankali majalisun ma'aikatan za su mutu, ofisoshi su gaje su. A Maris 1921 sojojin ruwa na Kuronstad, waɗanda da hannunsu aka yi juyin, suka nemi a sake zaɓe a ɓoye, a ba ma'aikata da manoma 'yancin magana. Aka murƙushe su da igwa. A watan nan dai jam'iyyar ta haramta kafa ɓangarori a cikinta. Daga nan zuwa Stalin ba nisa.

Masu aƙidar zama ba hukuma, wato 'yan anakis, su cewa suka yi ai matsalar ita ce gwamnatin kanta, ko ta wane ce. Sun sami damar gwadawa a yankin Kataloniya na Sifen a 1936: ma'aikata suka riƙe masana'antu da motocin haya, ƙauyuka suka haɗa gonaki, ana yanke shawara a taron gari da ɗaga hannu. Abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai a watannin nan an ƙona coci-coci, an kashe limaman Kirista da yawa, kuma mutumin da bai yarda da tsarin ba, ba kotun da zai kai kuka. Maƙwabtansa masu bindiga su ne kotun. A Mayun 1937 kuma 'yan gurguzun da ke bin Mosko suka juya musu a Basalona, kafin Franco ya haɗa su duka ya shanye a 1939.

Nan Afirka ma haka. Nkrumah ya yi dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Sekou Toure yana da sansanin Boiro, inda Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu da yunwa a 1977. Har Sankara da muke saka hotonsa a fuskar waya, a 1984 ya kori malaman makaranta sama da dubu saboda yajin aiki. Na san wannan ba zai yi wa wasunmu daɗi ba, amma ya faru.

To mu dawo gida. A 1978 aka ɗage takunkumin siyasa, Malam ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi. A 1979 ta ci jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Abin da talaka ya shekara talatin yana jira ya zo. Suka soke haraji da jangali, wanda shi ne igiyar da dagaci yake ja. Rimi ya ba da hutun ranar ma'aikata a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta yi, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, ya kafa kamfanin jaridar Triumph, wanda aka yi gininsa a nan Fagge, aka sa masa suna Gidan Sa'adu Zungur. Har da jaridar Hausa ta boko da ta ajami suna bugawa. Jikokin masu raba takarda a ɓoye sun mallaki injin buga jarida da gidan rediyo.

Ba a shekara ba rigima ta ɓarke, kuma a kan 'yancin taro ta ɓarke. Gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu da na PRP biyu suka riƙa zama tare, ana ce musu gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, don su tunkari NPN ta Shagari. Uwar jam'iyya, Malam da sakatarensa S. G. Ikoku, ta ce gwamnoninta su daina zuwa. Suka ƙi. A 1980 aka kore su daga jam'iyya. Su kuma suka ce ai shugabannin ne suka kauce suna raɓar NPN, suka yi nasu taron, suka ɗora tsohon ɗan gwagwarmayar ƙwadago Michael Imoudu a shugabanci. Kanawa, da ba a raba su da suna, suka raɗa wa ɓangaren Rimi Santsi, wai sun zame. Ɓangaren Malam kuma Taɓo, wai sun kafe. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce PRP ta Malam ce.

Wa ke da gaskiya? Har yau in ka tayar da maganar nan a majalisar dattawan Fagge bayan la'asar, sai an kira magariba ba a gama ba. Ni abin da nake gani, kowane ɓangare yana da hujja a kan dabara, amma dukkansu sun faɗi a kan hanya. Malam yana tsoron kada a mayar da jam'iyyarsa 'yar amshin shatan Awolowo, kuma tsoron ba na banza ba ne. Su Rimi suna cewa mu jama'a suka zaɓa, ba za a hana mu zama da wanda muke so ba, wannan ma magana ce. Amma jam'iyyar da aka gina a kan cewa talaka yana da bakin magana, ta kasa samar da zauren da 'ya'yanta za su yi saɓani su tashi suna 'yan jam'iyya ɗaya. Da aka rasa zauren, sai aka koma takardar kora, da kotu, da waƙoƙin zambo, da 'yan banga. Kafafen gwamnatin jiha suka zama bakin Santsi, kamar yadda na tarayya suke bakin NPN. Abokai suka daina gaisawa, 'yan gida ɗaya suka raba tukunya. Ku tuna Zungur da Sipikin: su a kan sarauta ɗungurungum suka saɓa, abin da ya fi taron gwamnoni girma nesa ba kusa ba.

Sai dai dole a yi adalci. Rimi bai gina Boiro ba, Malam bai aika kowa Saiberiya ba. Wani zai ce halinsu ne ya hana, kuma game da Malam, mutumin da ya rayu ya mutu a ɗan gidansa na Gwammaja, ba na musu. Amma ni na fi ba tsarin ƙarfi. Zuwa 1979 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai duk an ƙwace su daga hannun En'e tun zamanin soja. 'Yan sanda na tarayya ne, gwamna ba shi da su. Akwai kotun da za ta iya ce masa a'a, akwai jaridun Kaduna da Legas da ba shi da iko da su, akwai zaɓe bayan shekara huɗu. Wato abubuwan da wasu 'yan uwanmu masu zafin ra'ayi suke rainawa, suna cewa dimokuraɗiyyar 'yan jari-hujja ce, su ne suka tsare ɗan Taɓo daga gwamnan Santsi, suka tsare ɗan Santsi daga uwar jam'iyya. Lenin ba shi da mai ce masa a'a a 1921. Rimi yana da su da yawa a 1981, har sun yi masa yawa.

Don kuwa a shekarar ne aka nuna musu cewa tsohon tsari bai mutu ba. Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, gwamnan da ta hana kafa kwamishinoni tun hawansa. A Kano kuma Rimi ya riga ya ƙirƙiro sababbin masarautu, sannan a farkon Yuli aka aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, aka ba shi awa 48 ya amsa. Ranar Juma'a 10 ga Yuli gari ya kama da wuta. Ku duba inda aka nufa: gidan rediyon Kano, da majalisar dokoki, da ma'aikatu, da kamfanin Triumph. Wuraren magana. Aka je har gida aka kashe Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, mutumin da makaminsa alƙalami ne da makirufo. Gwamnatin Rimi ta ɗora laifin a kan abokan hamayyarta, musamman NPN, ta kuma zargi 'yan sanda da naɗe hannu. Su kuma suka ce fushin jama'a ne a kan taɓa Sarki. Ko takardar nan ta yi tsauri, kuma ni ina ganin an yi gaggawa da rashin lissafi a cikinta, ba abin da zai sa amsar takarda ta zama gawa.

Abin da ya sa nake jan wannan labari ga tsaranmu: yau kowa a Kano magajin Malam ne. Mai jar hula magajinsa ne, wanda ya cire jar hular ma magajinsa ne. Amma je ka soki jagoran gidanku a Facebook, ka ga ko 'yan adawa ne za su fara yi maka ca ko 'yan gida. Sojojin baka suna rediyo kullum dare, wanda ya yi kuka jiya an kama yaronsa a kan rubutu, yau shi ke kai ƙarar yaron wani. Mu kanmu masu kiran kanmu 'yan gwagwarmaya, ƙungiya ta mutum ashirin a WhatsApp, da an yi saɓani sai ka ga an cire mutum, a ce ɗan leƙen asiri ne. Ba mu da ko ofis, amma mun iya kora. A watan Nuwamban 2024 duk mun ga yaran da aka kwaso bayan zanga-zangar Agusta, da yawansu daga nan Kano, suna faɗuwa a kotun Abuja saboda yunwa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Mun yi ihu, kuma ihun ya yi amfani, an sake su. Tambayar da nake yi wa kaina da ku ita ce ko za mu yi irin wannan ihun ran da gwamnan da muke so ne ya kama wanda ba ma so.

Ƙarshen Santsi da Taɓo bai yi nisa ba. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe. Rimi ya koma NPP, ya sauka daga kujera, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa. A zaɓen, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da Rimi, ya rushe sababbin masarautun. Wata uku ya yi a kujera. Ranar 31 ga Disamba soja suka dawo, suka kwashe Rimi da Sabo duka biyun zuwa gidan yari, aka haramta jam'iyyu, a 1984 kuma aka kafa Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsallaka Nijar, mu ji labarin ɗaya Sawabar, ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959, da yadda wasu 'ya'yanta suka sami mafaka a nan Kano wurin 'yan NEPU. Sai mun haɗu.